Shekara Guda Da Baƙar Lakar Svalbard

A ɗakin sanyi muka buɗe akwatin ranar da lakar ta iso, ɗakin da ma'auninsa ke tsaye a digiri 4 dare da rana. Bututun roba ne gani-har-hanji, tsawonsa kamar kamu ɗaya, an toshe shi sama da ƙasa, an jera masa ƙanƙara ta kowane gefe. Abokan aikinmu ne suka ciro shi daga ƙasan wani mashigin teku a yammacin Svalbard, tsibiran nan na ƙasar Norwe da ke can ƙuryar arewa, inda kogunan ƙanƙara ke gangarowa har su tsoma baki cikin teku. Ni ban je ba. Rabona shi ne abin da ke cikin bututun. Aikin da aka ɗora mini kuma shi ne in zaƙulo bakteriya iri ɗaya tak daga cikinsa, irin mai numfashi da salfet wadda sanyi ne gidanta, in rene ta ita kaɗai a kwalba.

Kafin a taɓa komai sai da Malama, mai kula da aikina, ta sa na tsaya na ƙare wa lakar kallo ta jikin robar. Daga sama ruwan ƙasa ce, kaurin yatsa biyu. Sai ta fara yin toka-toka, baƙaƙen zane suka bayyana, can ƙasa kuma baƙin ya yi yawa kamar an kwaɓa da gawayi. Na sunsuna, ban ji komai ba sai ƙarnin teku. Ta lakato kaɗan daga baƙin wurin ta sa a farantin gilashi, ta kai ƙarƙashin murfin da ke zuƙe iska, ta ɗiga masa asid. Duk da murfin, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya iso hancina, baƙin kuma ya fara koɗewa a gaban idona. "Ka ga sawunsu ke nan," in ji ta. "Su kansu sai ka yi haƙuri." Ta ƙara da gargaɗi cewa kada in taɓa dogara da hancina a wannan aiki, domin iskar guba ce, kuma in ta yi yawa hancin ne take fara kashewa, mutum ya zaci ta tafi.

Duk abin da ya mutu a teku, daga gansakuka zuwa ƙananan halittu da kashin kifi, ƙarshensa ya nutse ƙasa ya zama abincin bakteriya. Na saman laka suna ci suna shaƙar oksijin kamar yadda muke yi, amma oksijin ba ya nisa. A lakar gaɓar teku cikin 'yan milimita ya ƙare. Daga nan sai a bi layi: masu amfani da naitiret, sai masu manganis, sai masu ƙarfe, kowa ya cinye rabonsa. Ƙarƙashinsu ne masu salfet ke da sarauta, domin ruwan teku cike yake da shi, kimanin milimol 28 a kowace lita. Salfet farar wuta ce da ke rungume da oksijin. Su kuma sukan karɓe shi su mayar da shi salfaid, mai warin nan. In salfaid ya gamu da ƙarfen da ke cikin laka sai su haɗe su yi baƙi, asid kuma ya raba su, abin da Malama ta nuna mini ke nan. An daɗe da sanin su. Tun 1895 Martinus Beijerinck ya ware na farko daga lakar magudanan ruwa na birnin Delft a Holan. A 1982 kuma Bo Barker Jørgensen, ɗan ƙasar Denmak, ya nuna cewa a lakar gaɓar teku har rabin ruɓewar matattun abubuwa ta hannunsu take bi.

Abin da ya kawo ni kansu shi ne sanyi. Mafi yawan ƙasan tekun duniya ba ya kai digiri 5, kuma ruwan teku saboda gishirinsa ba ya daskarewa sai ya sauka wajen digiri 1.8 ƙasa da sifili. Su kuwa masu salfet da aka saba renowa a ɗakunan gwaje-gwaje, yawancinsu wajen digiri 30 suke so, in ka sa su a firiji sai su yi lamo. To, wa ke yin aikin a can ƙasa? A 1999 Christian Knoblauch da abokan aikinsa a cibiyar Max Planck da ke Bremen a Jamus suka ware iri biyar daga lakar Svalbard, daga Hornsund mai digiri 2.6 da Storfjord mai digiri 1.7 ƙasa da sifili. Suka raɗa musu Desulfofrigus oceanense, Desulfofrigus fragile, Desulfofaba gelida, Desulfotalea psychrophila da Desulfotalea arctica. Dukansu suna hayayyafa har a sanyin da teku ke daskarewa, Desulfofaba gelida kuwa a digiri 7 ta fi sakewa. Na karanta rahoton ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba kafin in taɓa kwalba, na ɗauka na gane shi.

Makon farko gaba ɗaya a kan ruwan reno ya tafi, wato ruwan da za su zauna su ci a ciki. Gishiri daidai da na teku, salfet, ɗan naitirojin da fosfet, sai abinci: wasu kwalabe laktet, wasu asitet. Mun ƙara ƙarfe bisa tsarin da John Postgate ya yaɗa, don in sun fara aiki kwalbar ta yi baƙi mu gani da ido. Haɗa wannan ba wuya. Wuyar tana wajen korar oksijin. A tafasa ruwan, a bar shi ya huce ana busa masa naitirojin da kabon dayoksaid ta doguwar allura, a zuba a ƙananan kwalabe irin na maganin allura iskar na ci gaba da busawa, a danna toshiyar baƙar roba mai kauri, a matse ta da zoben alminiyum. Sannan su shiga tukunyar tururi a digiri 121 don kashe duk wani baƙo. Asalin dabarar daga Robert Hungate take, wanda ya ƙirƙiro ta yana nazarin bakteriyar tumbin shanu. Akwai wani rini da ake ɗigawa, rizazurin, mai tona asiri: in oksijin ya shiga ruwan ya yi ruwan hoda, in babu launin ya ɓace. Cikin kwalabena goma sha biyu na farko, takwas sun yi ruwan hoda. Wani dattijon ma'aikacin ɗakin ya tsaya bayana ya kalli hannuna sau ɗaya, ya ce ina zare allurar iska kafin toshiya ta gama zama, ɗan tsakanin da bai wuce ƙiftawar ido ba. Ya nuna mini yadda ake zame allurar ta gefen roba daidai lokacin da babban yatsa ke danna ta. Kwana uku na yi ina maimaitawa da ruwa zalla kafin hannu ya kama.

Ranar shuka, komai sai da ya kwana a ɗakin sanyi, kwalabe da sirinji har da tire. Na yanke kan sirinji, na cusa shi cikin lakar inda zanen baƙin ya fara, na ɗebo kamar cikin ƙaramin cokali, na tura a kwalbar farko na girgiza. Daga ita na zuƙi kashi ɗaya na kai ta biyu mai kashi tara na ruwan reno, daga ta biyu zuwa ta uku, haka har ta bakwai. Wannan tsinkawar tana da hikima. A kwalbar farko kowa da kowa na ciki, wanda ya fi hanzari shi zai cinye abincin ko da a laka 'yan tsiraru ne. A kwalba ta shida kuwa, inda lakar ta tsinke sau miliyan, ba mai isa can sai irin da ya fi yawa tun asali, wato ainihin masu gida. Awa uku na yi a ɗakin. Da na fito yatsuna sun ƙi riƙe biro, sai da na jira suka saki kafin na rubuta kwanan wata a littafi.

Sai jira. Mako ɗaya shiru, mako uku shiru. Kullum da safe in shiga in ɗaga kwalabe ɗaya bayan ɗaya a gaban fitila, ruwa na nan yadda na zuba shi. Da yake ina da jerin ƙari, sai na ɗauki ɗaya na ajiye a ɗakin aiki, a digiri 20 da ɗoriya, da tunanin ɗan ɗumi zai zaburar da su, daga baya in mayar da su sanyi. Cikin kwana biyar kwalba ta farko da ta biyu suka yi baƙi ƙirin. Raina ya yi fari ƙal. Na ɗiga a gilashi na leƙa ta madubin ƙara girma, ga ƙananan halittu lanƙwasassu kamar waƙafi suna ta tsere. Na je na kira Malama. Ta duba ta daɗe, sannan ta tambaye ni inda kwalbar ta kwana. Da na faɗa mata sai ta ce, "Waɗannan ma 'yan lakar ne, amma jure sanyin kawai suke yi. Suna zaune suna jiran ɗumi, kai kuma ka ba su. Waɗanda muke nema, mai yiwuwa ka riga ka kashe su a wannan jerin."

Maganar ta yi mini ciwo, kuma ranar ce na fahimci rahoton da na yi ta karantawa. A zuciyata ina ɗaukar su kamar wanda ɗari ya kama yana neman bargo. Ashe jikinsu ne aka gina don sanyi. Fatar da ke kewaye da kowace ƙwaya daga mai aka yi ta, kuma kamar yadda kitse ke sandarewa a sanyi wani man kuwa ya ci gaba da gudana, su nasu irin mai gudanar ne, shi ya sa abinci ke iya ratsawa ko a sifili. Inzayim ɗinsu, wato ƙananan ma'aikatan da ke tafiyar da komai a cikin ƙwaya, saku-saku aka yi su don su iya motsi a inda na wasu za su ƙage. Wannan sakin jikin shi ne kuma rauninsu: ɗumi kaɗan sai su warware. Zafin da ni nake zama a cikinsa da riga ɗaya, su ajalinsu ne.

Malama ba ta bari na zubar da baƙaƙen kwalaben ba, ta ce za su yi amfani wajen kwatance. Ta kuma ba ni labarin da har yau yake ba ni mamaki. A 2009 Casey Hubert da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa in aka ɗumama lakar Svalbard zuwa wajen digiri 50, wasu masu salfet na daban ne ke farkawa, masu son zafi, waɗanda ke kwance a lakar a dunƙule cikin ƙoƙon barci, ruwa ya kwaso su daga wani wuri mai zafi ya zube a inda ba za su taɓa girma ba. Cokali ɗaya na laka, al'umma uku ke nan a ciki, kuma ma'aunin zafi ne ke zaɓar wadda za ta yi magana.

Makonnin jiran na yi su ne ina bin sawun salfaid a littattafai, domin in san darajar abin da nake gadi. Mafi yawansa ba ya zama a laka. Yana tasowa sama, wasu bakteriya irin su Beggiatoa, da kan shimfiɗu fari kamar auduga a kan laka, su ƙone shi da oksijin ko naitiret ya koma salfet. Kaɗan ne ke haɗewa da ƙarfe ya zama fairait, dutsen nan mai ƙyallin zinare, ya binne. Inda oksijin ba ya isa kuwa salfaid ne ke mulki, kamar a Bahar Aswad, wanda daga zurfin wajen mita 200 zuwa ƙasa babu kifin da ke rayuwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun fosfet. Tsatsar ƙarfe da ke saman laka tana riƙe fosfet gam, ba ta bari ya koma ruwa. In salfaid ya yi yawa sai ya ƙwace ƙarfen, fosfet ya kuɓuta ya tashi sama, gansakuka ta samu taki ta cika ruwa, ta mutu ta nutse, masu ruɓar da ita su shanye oksijin, masu salfet su ƙara samun fili. Tekun Baltik ya daɗe yana fama da wannan zagayen. Wanda ya ji wannan kaɗai zai ce masu ɓarna ne, ni kuwa ban yarda ba, domin takin da mutane ke kwararawa cikin ruwa ne ke tayar da zagayen. Ga kuma hidimar da suke yi a ƙasa ba wanda ya gani. Can ƙarƙashin inda salfet ya ƙare, iskar mitan ke samuwa, wadda ta fi kabon dayoksaid riƙe zafi nesa ba kusa ba. A hanyarta ta tasowa sai ta tarar da shinge. A 2000 Antje Boetius da abokan aikinta suka nuna hoton wasu dunƙulallun ƙwayoyi daga ƙasan teku mai sanyi a gaɓar Oregon ta Amurka: a tsakiya halittun da ake kira arkiya suna cin mitan, kewaye da su masu salfet suna karɓar abin da ya fito. Wannan haɗin gwiwa ne ke cinye mafi yawan mitan ɗin lakar teku kafin ta kai ruwa. Akwai kuma gefe mara daɗi da ba za a ɓoye ba: wasu daga danginsu ne ke juya zaiba ta koma irin da ke taruwa a naman kifi.

A mako na bakwai kwalbar laktet ta farko a ɗakin sanyi ta yi wani ɗan duhu a gindi, kamar an zuba garin gawayi da kan allura. Ta biyu da ta uku suka biyo baya. Ta shida sai a wata na huɗu. Ta bakwai ba ta taɓa yi ba. Daga ta shidan na ɗebi iri na mayar cikin ruwan reno garai marar ƙarfe mai yawa, irin tsarin Friedrich Widdel, don baƙin ya daina rufe mini ido. A nan gwajin ya sauya: in zuƙo ɗigo da sirinji in tsiyaya a ruwan jan ƙarfe mai asid, in ya yi ruwan ƙasa to salfaid na ƙaruwa. Sau biyu na sauya musu kwalba, kowanne mako biyar.

Saura tacewa, a samu zuriyar ƙwaya ɗaya. Yadda aka saba shi ne a gauraya su da narkakken agar, wani sinadari da ke ruwa in da zafi ya kame in ya huce, a bututun gilashi, ya daskare, kowace ƙwaya ta maƙale a wurinta ta yi ta rabuwa har ta zama ɗigon da ido ke gani. Amma agar ba ya zama ruwa sai da ɗumin da ya haura digiri 40. Na yi sauri iya ƙoƙarina, na tsoma bututun cikin ruwan ƙanƙara nan take, na jira mako shida. Ko ɗigo ɗaya bai fito ba. Wannan karon ban buƙaci a faɗa mini dalili ba. Muka koma wani irin agar da ke nan ruwa har ƙasa da digiri 30, dattijon nan yana riƙe da kwanon ƙanƙara ina gaurayawa ina miƙa masa. Bayan mako shida ga su, ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa-ƙasa, siffarsu kamar ƙwayar riɗi a kwance, bakwai a bututu na biyar. Na ja bakin siririn tsinken gilashi a wuta har ya yi kamar gashi, na bar shi ya yi sanyi sosai, na soka ƙarƙashin busawar naitirojin na tsotso guda. Hannuna na rawa, rabi sanyi rabi fargaba. Na maimaita tacewar gaba ɗaya karo na biyu kafin Malama ta yarda. A madubi yanzu siffa ɗaya ce tak, 'yan sanduna gajeru, wasu bibbiyu a manne.

Gwajin da ya fi faranta mini rai shi ne na ƙarshe. Akwai wani dogon gungumen alminiyum mai ramuka a jere, ana sanyaya kansa ɗaya ana ɗumama ɗayan, kowane rami da nasa zafin, daga ƙasa da sifili har sama da digiri 30. Na jera bututun ƙwayata a layi ɗaya, na waɗancan masu kama da waƙafi a layi na biyu. Bayan wata ɗaya da rabi na zaro su na jera a kan tire yadda suke. Tawa ta yi hazo tun daga ramin farko, inda raɓa ke daskarewa a jikin gungumen, ta fi kauri wajen digiri 10, ta fara sirancewa, daga 20 zuwa sama ruwa garai. Ɗaya layin kuwa nasa hazon a can gefen ɗumi ya taru, a gefen sanyi da ƙyar ake ganin alama. Na kuma ga abin da Knoblauch da Jørgensen suka ambata: zafin da numfashin ƙwayar ya fi sauri yana ɗan sama da wanda ta fi hayayyafa. Wato akwai inda za ka auna ka ga salfaid na fita da yawa ka ce tana jin daɗi, alhali haƙi take yi. Svalbard na cikin wuraren da suka fi saurin ɗumama a duniya, kuma ina kallon layukan nan biyu a tire ɗaya, 'yan laka ɗaya, sai na ji abin ya taɓa ni fiye da duk wani jadawali da na gani.

Da sakamakon ƙwayoyin gado ya dawo, ya nuna 'yar dangin Desulfotalea ce. Hakan ya dace da abin da na gani a kwalba: tana cin laktet ta tsaya rabin hanya, ta bar asitet a ruwa. A laka wannan ragowar ba ta yin asara, irin su Desulfofrigus oceanense ne ke ƙarasa ta zuwa kabon dayoksaid.

Mun daskarar da kashi ɗaya da gilisarin a digiri 80 ƙasa da sifili. Sauran ina ci gaba da sauya musu kwalba duk bayan mako shida. In zan duba su a madubi, a cikin kwanon ƙanƙara nake ɗauko su, in kunna fitilar madubin sai na gama shiri, in kashe da zarar na gani, sannan in mayar da kwalbar kan kantar ƙasa ta ɗakin sanyi, nesa da ƙofa.